Yadda ake yi wa babbar lamba tambayoyi

Tun 2007 aka yanke sifiri huɗu daga kuɗin Gana, amma har gobe za ka ji tsohuwa a kasuwar Nima tana kiran sidi 100 miliyan ɗaya. Mutanenmu sun saba da manyan lambobi. Abin da ke damuna shi ne yaranmu na Nima da Maamobi: da sun ga doguwar lamba a allo, sai hannu ya nufi waya. Alhali akwai tambayoyin da alƙalami kaɗai ya isa ya yi mata.

Ɗauki yawan mutanen Gana a ƙidayar 2010, wato 24,658,823.

Fara da wutsiya. Ta ƙare da 3, saboda haka mara ce, ba cika ba. 2 ba ta raba ta, 5 ma haka, tunda ba da 0 ko 5 ta ƙare ba. Sai ka tara alƙaluman duka: 2, 4, 6, 5, 8, 8, 2, 3 sun ba da 38. Tunda 3 ba ta raba 38 daidai, ita ma uwar ba za ta rabu da 3 ko 9 ba.

Mataki na gaba shi na fi so, don jifa ɗaya ne ke kayar da 7 da 11 da 13. Sirrin yana cikin 1,001, wadda ita ce 7 sau 11 sau 13. Yanka lambar uku-uku daga dama: 823, 658, 24. Cire na biyu daga na farko, saura 165. Ƙara na uku, ka sami 189. Ana ragewa a ƙara ne saboda dubu ta gaza 1,001 da ɗaya tak. Yanzu 189 ce wakiliyar miliyoyin nan. 11 da 13 sun bar saura, amma 7 ta shiga sau 27 cif. Ashe za a iya kasa mutanen Gana na wancan lokaci kashi bakwai daidai wa daida, kowane kashi 3,522,689, babu ko mutum ɗaya a gefe. Ta tabbata lamba ce mai rabuwa.

Ta ƙidayar 2021, wato 30,832,019, ta fi gardama. Mara ce, alƙalumanta sun taru 26. Haɗa 19 da 30, cire daga 832, saura 783, wadda 7 da 11 da 13 duk suka bar wa saura.

A nan yara kan yi gaggawar cewa gagara-rabo ce, irin lambar da ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. Kada a yarda. Hukuncin ba ya tabbata sai an gwada 17, 19, 23 da 'yan'uwansu har zuwa 5,552, domin 5,553 sau kanta ta riga ta zarce lambar. Wannan doguwar tafiya ce ta cancanci a ciro waya daga aljihu.