Ciwon Sukari da Iyayenmu Mata: Darasi Domin Lokacin Azumi

Da yake lokacin Azumi ya ƙarato, ya kamata mu yi nazari a kan cutar da ta zauna a gidajenmu da yawa, wato ciwon sukari irin wanda ke kama manya, musamman iyayenmu mata masu shekaru 40 zuwa 60. A wannan ciwo jiki ba ya jin aikin sinadarin insulin yadda ya kamata, sai sukari ya taru a cikin jini. Macen da sukarinta ya taɓa hawa lokacin da take da juna biyu, ko ta haifi jariri mai nauyin fiye da kilo 4, ta fi zama cikin haɗari.

Mugun halin ciwon shi ne yakan yi shekaru yana ɓarna a ɓoye, kamar gara a cikin azara. Yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na ido har gani ya dushe, yana raunana ƙoda. Bayan ɗaukewar al'ada haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa, kuma a wurin mace ba lallai ne ya zo da ciwon ƙirji ba. Wani lokaci kasala ce kawai, da haki da tashin zuciya. Akwai kuma ƙaiƙayin gaba da ciwon fitsari masu yawan dawowa, waɗanda kunya ke hana mata da yawa faɗa wa likita. Wannan kunyar ba ta da amfani.

Ƙafa ce ta fi ba mu tsoro. Idan jijiyoyi suka mutu, uwa za ta taka ƙaya ko garwashi a madafa ba ta ji ba. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo kuwa yakan kai ga yanke ƙafa. Saboda haka a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, a daina yawo ba takalmi ko da a tsakar gida. Wadda idonta ya raunana, 'yarta ko abokiyarta ta Zumuntar Mata ta duba mata. Ido kuma a kai shi asibiti sau ɗaya a shekara, ko da ana gani sarai.

Game da azumi, dokar Ikilisiya ta 1983 ta wajabta shi ran Larabar Toka da Jumma'a Mai Tsarki a kan masu shekaru 18 zuwa 59, amma Ikilisiya ba ta ɗora shi a kan marar lafiya. Mace mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar glibenclamide, idan ta ƙi cin abinci, sukarinta na iya faɗuwa har ta suma. Ta ci abincinta, ta miƙa wa Ubangiji wata sadaukarwa dabam. Haka ma jiran sa'a guda kafin karɓar Jikin Kristi, dokar ta ɗauke wa marasa lafiya. In muka ga wata tana rawar jiki da gumi a lokacin Misa, muddin tana iya haɗiya, a ba ta ruwan sukari nan take, sa'an nan a kai ta asibiti.