Gishirin Foga da tabkin da ya rasa launinsa

Kowa a Ɗan Kassari ya san gishirin Foga. Ana sa shi a miya, ana ba dabbobi su lasa. To, daga ina yake fitowa?

Foga kwari ne a kudancin jahar Doso, wajen Gaya. Can yake gamuwa da Dallol Mawri, kwarin da ya ratsa Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri. Da damina ruwa yana kwantawa a tabkuna. Da rani, in ruwa ya janye, sai gishiri ya fito bisa ƙasa. Mata su kankare ƙasar, su tace ta da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe. Dahuwar tana cin itace ƙwarai.

Ba mutane kaɗai tabkunan ke ciyarwa ba. Balbela da zalɓe da kirinjijiya suna kiwo a bakinsu. Lokacin sanyi waɗansu tsuntsaye suna zuwa tun daga Turai. A shekara ta 2004 aka sa kudancin Dallol Mawri cikin fadamun da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kiyaye.

Tabkin gishiri yana iya lalacewa. Ga misali daga ƙasar Senegal. Kusa da Dakar akwai tabkin Retba, mai ruwa ja-ja. Wani gansakuka ne ƙanƙane, mai son gishiri, ke rina ruwan. Masu haƙar gishiri suna shafa man kaɗe kafin su shiga, don kada gishiri ya ci musu fata. A 2022 ruwan ambaliya ya kwarara cikin tabkin. Ruwa ya yi yawa, gishiri ya salance, launi ya ɓace. Masu gishiri suka daɗe ba aiki.

A ƙasar Arewa, babban abin tsoro shi ne rairayi. In an sare itatuwan tudu, ruwan sama ya kwashi ƙasa ya zuba a kwari. Sannu-sannu tabki ya cike. Ranar da ya cike, babu ruwan dabbobi, babu tsuntsu.

Saboda haka, manomi ya bar ƴan itatuwan da ke tohowa a gonarsa. Ya jera duwatsu inda ruwa ke zaizaye ƙasa. Riga-kafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Yaya ake yin gishirin Foga?
2. Me ya ɓata launin tabkin Retba?
3. Me ke cike tabki, kuma yaya ake hana shi?