Gona a Madadin Gona

Mu mutanen Kagara da Goronyo da Wurno mun san darajar fadamar Rima. Mun kuma san gwamnati takan karɓi gonaki domin aikin jama'a, kamar madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984. To, idan an karɓe gonar da mutum ya saya da guminsa, me doka ta tanada masa?

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Saboda haka wanda ya sayi gona, ikon amfani da ita ya saya. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke wannan domin amfanin jama'a. Diyya kuwa ta abin da aka yi a kan ƙasar ce, wato gini, amfanin gona, rijiya da makamantansu.

Sai dai dokar ba ta bar manomi hannu rabbana ba. Sashe na 6 ya ce idan an karɓe gonar karkara, ƙaramar hukuma za ta ba mai ita wata ya noma. Sashe na 33 kuma ya yarda a ba wanda aka ɗauke wa gida wani mazauni maimakon kuɗi. Idan sabon ya fi tsohon daraja, rarar takan zama bashi a kansa.

Amma gona ba ɗaya take da gona ba. Wanda ya rasa fadamar shinkafa da albasa, aka ba shi tudu mai jiran damina, an cuce shi ko da faɗinsu ɗaya. Wasa da wannan magana yana da haɗari. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, manoma sun tsare hanyoyi saboda rikicin gonaki da diyya, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa.

Mai saye yana da wata matsala kuma. Sashe na 21 ya ce cinikin gonar karkara sai da yardar ƙaramar hukuma. In ba takarda, ranar ƙidayar masu gonaki magadan mai sayarwa suna iya shigar da sunansu.

Don haka mu ɗalibai muna da aiki idan mun koma gida hutu. Mu taimaki iyayenmu su rubuta kowane ciniki a gaban dagaci da shaidu, su kai ƙaramar hukuma. Kada su dangwala yatsa a takardar musanya sai mun karanta musu, sun kuma taka sabuwar gonar da ƙafarsu.