Mai Gyambon Ciki da Magungunan Ƙarin Jini

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Jimeta ya ga yadda ake tallar ƙwayoyi da kwalabe iri iri, wai na ƙarin jini da ƙarin ƙarfi. Cikin masu saye kuwa akwai mutanen da ciwon ciki ya daɗe yana cin su, sun rame, sun yi fari. Saboda haka ya kamata mu san abin da waɗannan magunguna ke yi wa mai gyambon ciki, domin gobe mu ne za a riƙa tambaya a garuruwan da aka tura mu koyarwa.

1. Asalin cutar

A da an ɗauka yunwa da yaji da yawan tunani ne ke kawo gyambon ciki. Amma a 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna wata ƙwayar cuta mai zama cikin tumbi, sunanta Helicobacter pylori. Da mutane suka ƙi yarda, sai Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, ya kuwa kamu da ciwo. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Abu na biyu mai kawo gyambo shi ne yawan shan maganin ciwon jiki, kamar asfirin da ibuprofen da diclofenac, gama suna cinye rigar da ke kare bangon tumbi.

To, kun ga ke nan babu wani bitamin da zai warkar da gyambo. Maganinsa yana wurin likita: magungunan kashe ƙwayar cutar tare da mai rage tsamin ciki, a sha kwana 10 zuwa 14 ba fashi.

2. Me ya sa mai gyambo ke bukatar ƙari?

Dalili biyu ne. Na farko, gyambon yakan riƙa tsiyayar da jini kaɗan kaɗan, mutum bai sani ba, har sinadarin ƙarfe da ke jininsa ya ragu. Sai ka ga yana haki in ya yi 'yar tafiya, yana jiri, cikin idonsa ya yi fari. Na biyu, jiki yana bukatar ruwan tsamin nan na tumbi kafin ya ciro ƙarfe da bitamin B12 daga abinci. Wanda ya shekara da shekaru yana shan omeprazole, watau mai rage tsami, yana iya rasa su. Alamar ƙarancin B12 kuwa ita ce kasala, da jin ƙafa ko hannu na yin kamar ana tsira allura.

Amma fa ido ba mudu ba ne. Gwajin jini ne kaɗai zai nuna abin da ya ragu. Ga Asibitin Ƙwararru a Jimeta, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola. A fara da awo, sa'an nan a sayi magani.

3. Yadda ake shan su

Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Ƙwayar ƙarin jini ba ta shiri da farin ruwan maganin nan na ƙwannafi da ake saye a kemis. In suka haɗu a ciki, sai ya riƙe ƙarfen, ya fita bai amfani jiki ba. Lalle a raba su da kamar awa 2. Haka kuma shayi da madara da nono suna hana ƙarfe shiga jini, kada a kora ƙwayar da su. Abin da ke taimakonta shi ne bitamin C, irin na lemo da gwaiba da garin ƙwallon kuka. Wanda tsami ke tayar masa da ciwo, ruwa zalla ya ishe shi.

Ita kanta ƙwayar takan ɓata ciki, ta kawo tashin zuciya ko taurin bayan gida. In haka ta faru, a sha bayan an ɗan ci abinci, a kuma gaya wa likita, watakila ya rage ta ko ya canja. Tana kuma baƙanta bayan gida, wannan ba kome. Amma in ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, ko aka yi aman jini, to gyambo ne ke zubar da jini. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Kada kuma a ce yawa shi ne kyau. Bitamin A da D taruwa suke yi a jiki, in sun yi yawa su zama guba, yawan A kuwa yana cutar ɗan da ke cikin uwa. Ƙwayar ƙarfe tana iya kashe ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa, sai a ɓoye ta inda hannunsa ba ya kai.

4. Kafin ka biya kuɗi

Tun 1993 aka kafa hukumar NAFDAC don lura da abinci da magunguna. Duba lambarta a jikin kwali, duba ranar lalacewa. Guji abin da ya yini a rana kan tire, da wanda aka ce yana maganin cuta goma. Jiƙon kanwa ma lafawa kawai yake kawowa, gyambo yana nan.

Kada mu manta da abin da ke gabanmu. Kifin Binuwai, da hanta, da ƙwai, da kindirmon Fulani duk suna da B12. Wake da zogale da alayyafo suna da ƙarfe. Sau da yawa kuɗin kwalba ɗaya ya isa cefanen kwana da kwanaki.

Aiki: kowa ya rubuta a takarda duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, da lokacin shansa, ya nuna wa likita ran da ya je. Allah ya ba mu lafiya, amin.