Darasin Wannan Fitowa: Karanta Tallar Aiki da Auna Canjin Wurin Aiki

Darasinmu na wannan karo ya shafi wata takarda da ke yawo a wayoyinmu kusan kullum, wato tallar neman ma'aikata. A wajen wani suna a Miga na tarar da mata sun yi da'ira a kan waya guda, ana ta muhawara a kan wata talla da aka turo daga Dutse. Wata na cewa aikin gwamnati ne, wata na cewa na ƙungiya ne, ita kuwa mai wayar, malamar firamare ce mai shekara shida a bakin aiki, har ta fara zancen ajiye nata aikin. Da muka karanta a tsanake sai ga shi aikin na wata goma sha biyu ne kacal. Da ta yi gaggawa, da ta saki reshe ta kama ganye.

Yawancin tallace-tallacen nan da Turanci ake rubuta su, don haka zan kawo kalmomin yadda za ki gan su a takarda, sannan mu fayyace ma'anarsu.

Kashi na ɗaya: wane irin aiki ne?

Abu na farko da idonki zai nema ba albashi ba ne, nau'in aikin ne.

Idan kika ga "permanent and pensionable", wanda mutane ke kira famanan, to aiki ne na dindindin mai fansho. A aikin gwamnati galibi ana ritaya ne da shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa. Amma ki sani, ko an ba ki wannan takarda akwai zaman gwaji, wanda suke rubutawa "probation". A gwamnati shekara biyu ne kafin a ba ki takardar tabbatarwa, a kamfanoni kuwa galibi wata uku ne zuwa shida. Kafin tabbatarwa sallamar ma'aikaci ba ta da wuya.

Idan kika ga "contract", kwantiragi ke nan, aiki mai ranar ƙarewa. Yawancin ayyukan ƙungiyoyin agaji haka suke, domin da kuɗin tallafi suke tafiya. In an ƙara da "renewable", ana nufin mai yiwuwa a sabunta, ba wai dole a sabunta ba.

Idan kika ga "volunteer" ko "ad hoc", to aikin sa kai ne ko na ɗan lokaci, kamar na rigakafin shan inna ko na ranar zaɓe. Abin da ake bayarwa a nan sunansa "stipend", wato alawus, ba albashi ba. Misalin da kowa ya sani shi ne N-Power da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, inda masu digiri da NCE suka riƙa karɓar naira 30,000 a wata, ba fansho, ba ƙarin girma. A nan Jigawa ma an ƙirƙiro J-Teach a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar don cike giɓin malamai, daga baya gwamnatin Malam Umar Namadi, wadda ta hau a 2023, ta mayar da mutum 3,000 daga cikinsu ma'aikatan dindindin. Darasin da ke ciki biyu ne. Aikin wucin gadi kan zama tsani, don haka kada a raina shi. Amma ba kowa aka ɗauka ba, don haka kada a ci bashi a kansa.

Kashi na biyu: me suke nema a wurinki?

A ƙarƙashin sharuɗɗa za ki ga kalmomi biyu. "Required" na nufin dole ne, in ba ki da shi kada ki ɓata kuɗin hoto da na kwafi. "Added advantage" kuwa na nufin in akwai ya fi, in babu ba a hana ki nema ba. Mata da yawa kan janye saboda sun ga an ambaci iya kwamfuta, alhali a wannan layi na biyu aka sa shi.

"Minimum qualification" ita ce mafi ƙarancin takardar karatu da za a karɓa. Ga koyarwa a firamare NCE ce, kuma akan nemi rajistar hukumar malamai ta TRCN. Ga aikin jinya da unguwarzoma akan nemi lasisi mai rai daga majalisar da ke kula da sana'ar. 'Yan'uwa da suka gama makarantar jinya ta Birnin Kudu ko ta kiwon lafiya ta Jahun su duba ranar ƙarewar lasisinsu tun kafin talla ta fito. Mai digiri ko HND za a tambaye ta takardar hidimar ƙasa ta NYSC, ko ta yafewa in ta haura shekara 30 lokacin da ta kammala karatu.

"Cognate experience" na nufin ƙwarewa a irin wannan aikin dai, ba kowane aiki ba. Shekarun da kika yi kina koyarwa a Islamiyya ƙwarewa ce a fannin koyarwa, ki rubuta su, ki karɓi takardar shaida daga shugaban makarantar. Haka nan ki tanadi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma daga sakatariyar Miga, da ta haihuwa, da lambar NIN. Ki tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a dukkansu. Wadda ta canza suna zuwa na maigida bayan aure ta tanadi takardar rantsuwa ta kotu, don wannan ɗan bambanci ya sha hana mata aiki a wurin tantancewa.

A ƙarshen talla sukan ce "only shortlisted candidates will be contacted", ma'ana waɗanda aka tace kaɗai za a kira. In ba ki ji kira ba, ba laifi kika yi ba.

Kashi na uku: maganar kuɗi

A gwamnati da mataki ake biya. Mai NCE kan fara a mataki na 07, mai digiri a na 08. A wasu wuraren kuwa za ki ga "gross" ko "net". Na farko shi ne albashi kafin a cire haraji da fansho, na biyu shi ne abin da zai shigo asusunki. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10. Ma'aikatan jihar Jigawa da na ƙananan hukumominta suna da nasu tsarin fansho na karo-karo. Ki kuma lura ko "per annum" aka rubuta, wato a shekara. Naira 960,000 a shekara naira 80,000 ce a wata, ɗan sama kaɗan da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, da aka sa wa hannu a Yulin 2024. In aka ce albashi "attractive" ne ko "negotiable", ba a faɗa miki komai ba tukuna. Ki tambaya ranar ganawa, ba rashin kunya ba ne.

Kashi na huɗu: in tashi ko in zauna?

Yanzu mu koma kan malamar nan. Mu yi lissafi na misali kawai, ke ki sa naki alƙaluman. A ce tana karɓar 80,000 a Miga, tana kashe 5,000 a abin hawa, saura 75,000, kuma a ɗakinta take kwana. Sabon aikin a Dutse ya ce 130,000. A cire haraji da fansho kamar 15,000. Zuwa da dawowa kullum ba zai yiwu ba, balle tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi. To sai haya 15,000, motar ƙarshen mako 20,000, abinci a can 20,000, mai kula da yara a gida 10,000. Abin da ya rage 50,000 ne. Ashe babban albashin ya fi ƙanƙanta, ga shi bayan shekara guda ya ƙare.

Wannan ba yana nufin kada a taɓa canza aiki ba. Unguwarzomar da ke zaune a ƙaramin asibiti ba kayan aiki, in ta samu gurbi a wuri irin sashen haihuwa na babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, abin da za ta koya a shekara biyu zai bi ta har ƙarshen rayuwar aikinta. Wani lokaci ilimi da ƙwarewa su ne ribar, ba kuɗin wata ba. Abin da ake so shi ne ki san me kike saye da me kike sayarwa.

Ga tambayoyin da za ki amsa a rubuce:

1. Shekarun da na yi a baya za su bi ni? Daga wata ma'aikatar gwamnati zuwa wata akwai hanyar mayar da aiki ba tare da an yanke shekaru ba. Murabus kuwa yana yanke su. Ki je ofishin fansho ki ji matsayinki kafin ki rubuta komai. Ki kuma tambaya ko za a iya ba ki hutu marar albashi maimakon ajiye aiki.

2. Yaya hutun haihuwa yake? Dokar ƙwadago ta ba da mako 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Na ma'aikatan tarayya ya fi haka tsawo. Ki ji na sabon wurin tun kafin ki sa hannu.

3. Ina ne ainihin wurin aikin? Talla kan ce Dutse, amma a ciki an rubuta "field work" ko "shift", wato yawon ƙauyuka ko aikin kwana. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, kuma mu mutanen Miga mun san yadda hanya ke zama da damina in ruwa ya yi ambaliya.

4. Maigida ya sani, ya kuma amince? Kada ya ji a bakin wani. Ki zauna da shi da takardar lissafinki a hannu, ku yi maganar yara, da girki, da kwanan da za ki riƙa yi a waje. Abin da aka yi shawara a kansa tun farko ba ya zama abin gori daga baya. Bayan shawara kuma ki yi istihara.

5. Takardar ɗauka ta shigo hannuna? Alƙawarin baki ko saƙon waya ba takarda ba ne. Sai kin karɓa, kin karanta, sannan ki ba tsohon wurinki sanarwa. A gwamnati wata guda ne, ko a biya albashin wata a madadinsa. Ki miƙa kayan aiki, ki yi sallama da mutunci, domin gobe su za a tambaya halinki.

Gargaɗi

Duk wanda ya ce ki turo kuɗi a asusunsa don ya sama miki gurbi, ki guje shi. Mata sun sayar da awaki da 'yan kunne an ba su takardun bogi, sai a wurin tantancewa asiri ya tonu. Ko da gurbin na gaske ne, cin hanci ne, kuma haƙƙin wata aka danne. Kada ki ba kowa lambar sirri ta katin banki ko lambar da banki ya turo miki a waya. In aka kira ki ganawa a otal ko gidan wani, kada ki je ke kaɗai. Tallar gwamnati ta gaskiya za ki iya tabbatar da ita a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ko a hukumar SUBEB, ko hukumar ɗaukar ma'aikata da ke Dutse.

Aikin gida

Kowace 'yar'uwa ta samo talla guda ta zo da ita taron reshe na gaba. A karanta tare, a fitar da abubuwa biyar: nau'in aikin, tsawonsa, takardun dole, wurin aiki da ranar rufewa. Waɗanda suka yi boko mai zurfi su taimaka wa 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka gama makaranta suna zaune a gida.

Allah Ya ba mu abin da ya fi alheri, Ya sa albarka a cikin nemanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.