Amsoshin Tambayoyinku: Yanka Bidiyo da Sake Haɗa Shi

Wani mai sauraro daga Funtuwa ya aiko da tambaya, yana neman sanin ko yanka bidiyo a manhajar tace fim yana lalata asalin hoton, da kuma yadda ake mayar da gutsure biyu su koma ɗaya.

Yankan ba ya taɓa asalin hoton, domin abin da ake gani a layin lokaci, wato filin da ake jera hotuna da sauti bi da bi, alama ce kawai mai nuna wa manhajar inda za ta fara da inda za ta tsaya. Shi ya sa manhajojin tace fim irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve suke iya goge yankan, matuƙar gutsuren biyu daga hoto ɗaya suka fito kuma ba a cire ko firam ɗaya a tsakaninsu ba. Firam kuwa shi ne hoto tsayayye guda, wanda guda 25 irinsa suke cika daƙiƙa ɗaya a talabijin na Najeriya. Idan an riga an cire wani abu, sai a ja bakin gutsuren har ɓoyayyen sashen ya dawo, tare da sautinsa, don masu gaggawa kan manta da sautin, baki ya riƙa motsi kafin magana ta fito.