Darasin Kiwon Lafiya: Wa Za A Fara Gani, Nas Ko Likita?

A ƙauye da birni, duk wanda ya sa farar riga a asibiti likita ake ce masa. Amma ba dukansu ne likitoci ba.

Ga misali daga Unguwar Television, wadda ke kudu da kogin Kaduna. A ce wata uwa ta wayi gari jikin ɗanta ya yi zafi. Akwai ƙaramin asibiti kusa, inda nas da malamin asibiti suke aiki. Akwai babban asibitin Gwamna Awan a Kakuri. In ta haye gada kuma, ga asibitin koyarwa na Barau Dikko. Maƙwabta suna cewa ta wuce babba kawai, wai na kusa ba su iya ba. To, ina za ta nufa?

Likita yana shekara 6 a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ya ƙara shekara 1 ta horo a asibiti. Shi ke yin tiyata, shi ke binciken cutar da ta ɓuya. Nas da ungozoma suna karatun shekara 3 ko fiye. Malamin asibiti, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, shi ma shekara 3 yake yi, a makaranta irin ta Shehu Idris da ke Maƙarfi. Yana da littafin ƙa'idar aiki. Littafin ya nuna masa ciwon da zai yi wa magani, da wanda zai tura gaba.

Ba a Nijeriya kaɗai ake haka ba. A Amurka, tun 1965 aka fara ƙara wa nas karatu don ta duba marar lafiya da kanta. A Nijeriya kuwa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ƙarfafa ƙananan asibitoci, don likitoci ba su isa kowane gari ba.

Saboda haka, in yaron yana shan nono, yana wasa kaɗan-kaɗan, ƙaramin asibiti ya ishe shi. Za a ɗiga jinin yatsarsa a gwada. Cikin minti 20 an san ko zazzaɓin cizon sauro ne. In shi ne, a ba shi maganin kwana 3. Uwa ta huta da kuɗin mota da dogon layi, ta koma gida da wuri. Haka nan awon ciki, da allurar rigakafi, da gudawa, da wankin ƙaramin rauni, duk aikinsu ne. Kuma ma'aikacin kusa ya san gidan, ya san yaron da bai gama allurarsa ba. Likitan babban asibiti da wuya ya tuna fuskar wanda ya gani jiya.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. In yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan na babban asibiti ne. Haka mai ciki in jini ya ɓalle mata, ko fuskarta ta kumbura tana ciwon kai mai tsanani, ko naƙuda ta wuce awa 12. A can ne ake ƙarin jini da tiyata. In babban asibiti ya yi nisa, a biya ta ƙaramin a sami taimakon farko, a wuce. Kada a jira gari ya waye, kada a jira maigida ya dawo daga gona.

In nas ta ce a tafi gaba, ba gazawa ta yi ba. Aikinta ke nan. Wanda za a ji tsoro shi ne mai cewa ya iya komai, yana ta ɗura ruwa da allura kwana da kwanaki. A karɓi takardar da ta rubuta a kai wa likita, don ya san maganin da aka riga aka sha.

Mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa, duka biyun yake bukata. Likita ya tsara masa magani, nas ta kusa ta riƙa auna shi a kai a kai. In awo ya hau, ta mayar da shi wajen likita da katinsa a hannu.